Injin Ɗaya Ya Mutu Muna Sama, Sai Ga Mu Mun Dawo Kano

Maman Hanifa, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da dogon rubutu a daren nan. Tun shekaranjiya barci ya ƙaurace mini, na ce bari in sauke abin a nan ko na ji sanyi a raina. Ranar Litinin bayan asuba ƙanina ya kai ni Kano daga nan Zariya, zan hau jirgin Legas saboda 'yata ta haihu a can. Kujerata ta gefen taga ce, hannun hagu, daidai kan fiffike. Mun tashi lafiya, ina kallon gidajen Kano suna ƙanƙancewa. Ban jin mun cika minti goma ba sai na ji dam! kamar tayar tirela ta fashe. Jirgin ya girgiza. Da idona na ga harshen wuta ya fito ta bayan injin har sau biyu, sannan ya ɗauke. Wani ƙauri ya biyo baya kamar ana babbakar kaza. Matar da ke kusa da ni, ban taɓa ganin ta ba, ta damƙe mini hannu har zobena ya nutse cikin yatsa, shatin na nan har yanzu. Ba ka jin komai sai salati.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shirun direban. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can sai ya yi magana, ya ce injin ɗaya ya samu matsala ya kashe shi, za mu koma Kano, kowa ya zauna ya ɗaure bel. Muka yi ta zagaye a sama, sannan muka sauka, motocin kashe gobara suna biye da mu. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi.

To, mun shiga ɗakin jira ƙafafuna na rawa, sai ga wani bawan Allah cikin babbar riga yana yi wa yarinyar da ke aiki a kanta tsawa. Wai yana da taro ƙarfe biyu a Legas, wai direban matsoraci ne, tunda ɗaya injin na aiki me ya hana shi ƙarasawa. Har wasu suna taya shi. Shi kuma maigida ya ce ni da jirgi har abada, in zan je in bi mota. Don Allah masu sani, me ya faru da mu? Kuma da gaske direban ya iya ƙarasawa?

Anti Malama, Kongo: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu Maman Hanifa, Allah ya ƙara tsarewa. Barka da arziki. Ina mai jego da jaririn?

Alhaji na Sabon Gari: Barka Hajiya. Ni dai ina bayan maigidanki. Mota in ta lalace sai a gangara gefen titi a kira makanike. Jirgi fa, a ina za a faka shi? Shekara goma sha biyar ina zuwa Legas sarin kaya, ban taɓa hawa ba kuma ba ni da niyya.

Direban Kwangila: Alhaji, da girmanka, ni da nake kwana a kan titi ba zan ba mace shawarar ta bi mota zuwa Legas don gudun haɗari ba. Gawar da na taya ɗauka tsakanin Jaji da Mararrabar Jos kaɗai, ba na son tunawa. Haɗarin mota ba ya shiga labarai ne saboda ya zama ruwan dare.

Baba Injiniya, Palladan: Wa alaikumus salam. 'Yata, barka, Allah ya raya abin da aka samu. Ni nan Abiyeshan, kwalejin koyon tuƙi da gyaran jiragen sama ta Zariya, na koyi gyaran jirgi, na yi shekara talatin da ɗoriya ina shiga cikin injina kafin in ajiye aiki. Zan yi miki bayani yadda zan yi wa 'yar cikina.

Injin jirgi iska yake zuƙa ta gaba, ya matse ta, ya haɗa da kananzir ya ƙona, ya feso ta baya. Idan wani abu ya dagula tafiyar iskar nan, sai injin ya yi kamar tari, ya yi ƙara, wuta ta furzo ta baya. Ƙaurin babbaka da kika ji ya sa nake kyautata zaton tsuntsu ya zuƙa, domin iskar da kuke shaƙa a ciki daga injin ake ɗibar ta. Amma hukuncin ƙarshe na waɗanda za su buɗe injin ne su leƙa.

Kowane babban jirgin fasinja mai inji biyu, ba a ba shi takardar izini sai an gwada an tabbatar zai iya ci gaba da hawa sama da inji ɗaya, ko da ɗayan ya mutu ne yana tsakiyar gudu a kan titi, matuƙar ya kai wani mizanin gudu da ake lissafawa kafin kowane tashi. Masu ƙetare teku ma akwai waɗanda aka yarje wa su yi nisan awa uku daga filin sauka mafi kusa, bisa lissafin tafiya da inji ɗaya. Saboda haka lokacin da kike salati, jirgin yana cikin halin da aka gina shi don ya jure.

Shirun direban kuwa, alheri ne. Ƙa'idarsu ita ce ka fara riƙe jirgi, sannan ka san inda ka nufa, magana ce ta ƙarshe. A lokacin nan ɗaya yana tuƙi, ɗaya ya buɗe littafin ƙa'ida yana karantowa layi-layi, suna tabbatar wa juna wane injin ne ya lalace kafin a taɓa makunnin mai. Zagayen da kuka yi kuma lokaci ne na kammala wannan karatun da rage nauyin mai kafin sauka.

Maman Hanifa, Tudun Wada: Allah ya saka da alheri Baba. Wallahi har numfashina ya sauka. To amma kenan mai babbar rigar nan yana da gaskiya, tunda inji ɗaya ya isa?

Baba Injiniya, Palladan: A'a 'yata, nan ne ya yi kuskure babba, kuma a kan wannan nake son kowa a zauren nan ya tsaya. Inji na biyu na kai ka fili mafi kusa ne. Ba a ba ka shi don ka cika alƙawarin taro ba. Da zarar ɗaya ya tafi, ba ka da sauran madogara, kuma ba ka san ko abin da ya kashe na farko yana jiran na biyu ba. In gurɓataccen mai ne, ai tare suka sha.

Ku tuna jirgin Dana na ranar Lahadi 3 ga Yuni, 2012, daga Abuja zuwa Legas. Rahoton hukumar binciken haɗurra da ya fito a 2017 ya nuna injin farko ya daina ba da ƙarfi minti 17 kacal bayan tashi. Matuƙan ba su koma Abuja ba, ba su nemi fili mafi kusa ba, ba su bi littafin ƙa'ida yadda ya kamata ba, suka ci gaba. Suna dab da sauka Legas na biyun ma ya ƙi amsawa. Jirgin ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga. Mutum 153 da ke ciki babu wanda ya fita, ga kuma waɗanda ya tarar a ƙasa. Abin da mai babbar riga yake nema a yi masa kenan bai sani ba. Direbanku ya yi daidai, kuma da ni ne a wurin da na je na riƙe hannunsa.

Alhaji na Sabon Gari: To Baba ai ka ƙara ƙarfafa maganata. Ka ga duka biyun suna iya mutuwa. In suka mutu sai faɗowa kamar dutse.

Ɗan Hanwa: Baba Alhaji, a yi mini afuwa in sa baki, ni ɗalibi ne a Abiyeshan. Jirgi ba ya faɗowa kamar dutse. Fiffike ke riƙe shi a sama, inji tura shi gaba kawai yake yi. Ku lura da shirwa in ta buɗe fuka-fukanta ta daina kaɗawa, ai sulalowa take a hankali. Babban jirgi da ke nisan kilomita 10 a sama yana iya sulala kimanin kilomita 150 babu inji ko ɗaya, kusan daga nan zuwa Kano kenan. Ƙananan jiragen nan da kuke jin ƙararsu kullum a kan Samaru da Hanwa, wani lokaci za ku ji ƙarar ta yi ƙasa kwatsam. Sau da yawa malami ne ya janye wa ɗalibi ƙarfin inji da gangan, ya ce to nuna mini gonar da za ka sauka. Ranar da aka fara yi mini, tafin hannuna sai da ya jiƙa sitiyarin. Yanzu ko a mota nake, idona na neman fili.

A watan Agusta na 2001 wani jirgin Air Transat ƙirar Airbus A330 ya tsiyayar da mansa a kan tekun Atlantika, injinansa biyu suka mutu, ya sulala kusan kilomita 120 ya sauka a tsibiran Azores da mutum 306, duk da ransu. Sai na New York a 15 ga Janairu, 2009, wanda ya ci karo da garken dinya jim kaɗan bayan tashi. Kyaftin Sullenberger ya ajiye shi a kan kogin Hudson cikin ƙasa da minti huɗu, mutum 155 suka tsira. Kuma ko injina sun mutu ba a rasa wutar lantarki gaba ɗaya. Akwai ƙaramin inji a jela, akwai batir, wasu jiragen kuma suna da 'yar farfela da ke faɗowa daga ciki iska ta riƙa juya ta.

Alhaji na Sabon Gari: Yaro, duk misalanka na Turawa ne. Kawo mini na nan.

Uwar Biyu, Gyallesu: Ni zan kawo maka na nan Alhaji, amma ba irin wanda kake so ba. Ni 'yar Gwammaja ta Kano ce, aure ya kawo ni Zariya. Ranar Asabar 4 ga Mayu, 2002 ina budurwa, ina tsakar gida ina shanya, rana ta take. Sai inuwa ta rufe mu, da wata ƙara da ban taɓa ji ba. Kafin in ɗaga kai ƙasa ta motsa. Layi biyu ne tsakaninmu da inda jirgin ya faɗi. Na fita ba ko mayafi. Akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙuli da nake saye a wurinta kullum, tiren ta kawai na gani a kife cikin toka. Mutanen da suka mutu a gidajensu ba su sayi tikiti ba, ba su taɓa hawa jirgi ba. Har yau in jirgin ɗaliban nan ya yi ƙasa-ƙasa a kan gidanmu sai na ajiye abin da ke hannuna. Don haka in ana cewa wai lafiyar jirgi damuwar masu kuɗi ce, raina ɓaci yake.

Anti Malama, Kongo: Allah ya ji ƙansu. Ina tuna ranar, har ministan wasanni Ishaya Mark Aku yana ciki.

Baba Injiniya, Palladan: Amin. Uwar Biyu, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Wancan jirgin ƙirar BAC 1-11 ne, ya zarce ƙarshen titi kafin ya ɗaga, injinansa suka zuƙi ƙura suka rasa ƙarfi a lokacin da bai yi sama ba. Mutum fiye da ɗari suka rasu. Abin da ɗana na Hanwa ya faɗa gaskiya ne, sai dai sulalawa tana buƙatar tsawo, wanda bai hau ba kuwa ba shi da abin da zai sulala da shi. Shi ya sa mintunan farko na tashi da na ƙarshen sauka suka fi komai nauyi. Ga kuma zafinmu na bazara: iska in ta yi zafi sai ta yi sakayau, inji da fiffike ba sa samun abin kamawa sosai, jirgi ya buƙaci titi mai tsawo. Idan kuka ji an ce za a rage kaya ko fasinja da tsakar rana a Kano ko Sakkwato, kada ku ɗauka wulaƙanci ne.

Barista Samaru: Baba, ina girmama iliminka, amma kada mu shafa wa abin mai. Matsalarmu ba ta kimiyyar fiffike ba ce. Kamfanoni suna karɓar kuɗin tikiti da naira, suna sayen kayan gyara da dala, babban sabis kuma sau da yawa sai an kai jirgi ƙasar waje. Wanda ke cikin wannan matsin, me zai hana shi ɗage gyaran yau zuwa gobe? Mun ga 2005 da 2006: Bellview a Lisa, Sosoliso a Fatakwal da yaran makaranta, sai ADC a Abuja wanda muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a ciki. Uku cikin kusan shekara guda. Tsofaffin jiragen da wasu ƙasashe suka gama yayi da su ake kwaso mana.

Baba Injiniya, Palladan: Barista, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Matsin kuɗi gaskiya ne, na ɗanɗana shi. Akwai daren da na ga ɗan ɓarɓashin ƙarfe a jikin toshiyar maganaɗisu ta man inji, bai fi ƙwayar gero ba, yana ƙyalli a kan yatsana. Na ce jirgin nan ba zai tashi ba sai an duba. Wani babba a wurin aikin ya kira ni har sau uku, ya ce fasinja sun cika, in sa hannu a duba in ya dawo. Na mayar da biro aljihu. Wata uku ana yi mini kallon mai taurin kai. Ba kowa ke iya jure wannan ba, musamman yaro mai sabon aure da albashi bai shigo ba. Nan ne aikin hukumar NCAA mai sa ido kan jiragen sama yake, ta tsaya wa mai ƙin sa hannu, ta riƙa shiga rumbun gyara ba tare da sanarwa ba.

Inda na saɓa da kai shi ne batun tsufa. Shekarun jirgi ba kamar na mota ba ne. Kowane muhimmin ƙarfe a cikin inji yana da adadin awoyi ko adadin tashi da sauka da aka yanka masa, in ya cika a cire shi ko da yana sheƙi. Tsohon jirgi mai cikakkun takardu ya fi mini sabo a hannun maha'inci. Kuma cikin ukun da ka lissafa, na Fatakwal da na Abuja mugun yanayi da iska mai juyawa ne suka shigo ciki, ba mutuwar inji ba. Kowane haɗari da sababinsa, in muka zuba su a kwando ɗaya ba za mu gyara ko ɗaya ba.

Barista Samaru: Na yarda da gyaran. Amma rahoton da ke ɗaukar shekara biyar kafin ya fito, kamar na Dana, wa zai amfana da shi a kan lokaci? Wannan dai ban sauka daga kai ba.

Baba Injiniya, Palladan: Ni ma ban ce ka sauka ba. Ka yi gaskiya.

Abu Ammar: Duk wannan dogon turanci ne. In ajali ya yi ko a kan katifa kake sai ka tafi. A hau kawai a yi tawakkali.

Malam na Ƙofar Doka: Ɗan uwa, ajali gaskiya ne, babu mai ƙara wa kansa daƙiƙa. Amma Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Injiniyan da ya mayar da biro aljihu ɗaure raƙuma ya yi. Direban da ya juyo Kano ma haka. Wanda kuma ya sa hannu a kan abin da bai duba ba, sannan ya ce ƙaddara, zai amsa tambaya a kan amanar rayuka. Alhazanmu da ma'aikatan jirgi, su 261, da suka ƙone a Jidda a 1991 suna hanyar Sakkwato, daga tayar da ba ta da isasshiyar iska abin ya faro. Na san gidajen da har yau ba a daina ambaton ranar ba.

Anti Malama, Kongo: Baba Injiniya, ni tambayata ta tsuntsun ce. A ce duk girman jirgi tsuntsu ya gagare shi?

Baba Injiniya, Palladan: Gudun ne Malama. Ungulu ko shirwa in ta haɗu da abin da ke gudun kilomita 300 a awa, ta zama guduma. Ana gwada injina da tsuntsaye kafin a amince da su, amma babba ko garke yana lanƙwasa fuka-fukan farfelar gaba. Kuma wannan laifin har da mu. Duk inda aka tara bola ko aka yi mayanka kusa da filin jirgi, an kira shirwa da ungulu. Dogon ciyawa da kududdufi kuma na balbela ne. Mu da ke Palladan da Hanwa mu fara duba inda muke zubar da shara.

Abu ɗaya zan ƙara saboda ke Maman Hanifa kin ce kin ga wutar da idonki. A Kegworth ta Ingila, Janairun 1989, injin hagu ne ya lalace, matuƙan suka yi kuskure suka kashe na dama mai lafiya. Kyaftin ya sanar cewa matsalar ta dama ce. Akwai fasinjojin da suka ga wuta a hagu, suka yi shiru, suna ganin ai ya fi su sani. Mutum 47 suka mutu. Direba ba ya hango injinansa da kyau daga inda yake zaune. In kin ga wuta, ko mai yana zuba, ko kin ji an ambaci gefen da ba shi kika gani ba, ki kira ma'aikaciya ki faɗa mata a natse. Kunya ba ta da wuri a nan.

Maman Hanifa, Tudun Wada: Ikon Allah. Ni kuwa ko a raina ban kawo in faɗa wa kowa ba. Na ɗauka sun gani.

Ɗan Hanwa: Kuma Mama, in aka ce a fita da gaggawa, a bar jaka. An tsara jirgi ya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa, mai tsayawa ciro akwati yana cin lokacin na bayansa ne. Da kin zauna ki ƙirga layin kujeru nawa ne tsakaninki da ƙofa mafi kusa, saboda in hayaƙi ya cika da lalube ake fita.

Alhaji na Sabon Gari: Na karanta duka. Ni dai har yanzu ƙafata a ƙasa, kada in yi muku ƙarya. Amma na janye cewa ta bi mota. Kuma mai babbar rigar nan bai kyauta wa yarinyar mutane ba.

Maman Hanifa, Tudun Wada: Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya bar zumunci. Na kai wa maigida wayar ya karanta da kansa, ya daɗe a kan maganar Baba ta jirgin Dana, sannan ya ce in shirya. Abin da ke ci mini rai yanzu, da muna fita direban yana tsaye a bakin ƙofa, farar rigarsa ta jiƙe sharkaf ta manne a bayansa, yana ce wa kowa a yi haƙuri. Na wuce shi ban ce masa ko sannu ba. Na sa shi a addu'a bayan isha'i. Alhamis zan koma in sha Allahu, suna ranar Asabar ne. Na ce wa ƙanina ya nema mini kujerar gefen hanya, ban shirya kallon fiffike ba tukuna.